Jirgi na nan, mai na nan, me ya hana shi tashi?

 Abin da ke biye shi ne hirar da muka yi a shirin daren Laraba. Na sa ta a takarda saboda waɗanda suke daji ko kan hanya ba su samu ji ba, da kuma waɗanda suka ji amma suka ce lissafin ya yi musu sauri.

Mafarin maganar, wani dattijo ne mai fataucin shadda da atamfa ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce a hanyarsa ta dawowa daga umara sun zauna a filin jirgi tun azahar, wai ana ɗan gyara. Aka gama gyaran, aka loda kaya, aka sha mai, ga jirgin nan yana hangensa ta gilashi. Can bayan isha'i sai aka zo aka ce ba tafiya sai gobe, wai lokacin matuƙan ya ƙare. Ya ce da ni, "Ɗana, ni na san direban da zai taso da kaya daga Kwatano, in ban da salla ba abin da ke tsayar da shi sai ya ga Gaya. Wane irin lokaci ne ke ƙare wa mutumin da ke zaune a kujera yana shan sanyi?"

Baba, Allah Ya huci zuciyarku, amma ba ƙarya aka yi muku ba. Matuƙin jirgin sama awoyinsa a ƙirge suke. In sun cika, ko shi yana so ya tashi, ko mai kamfanin ya zo da kansa ya roƙe shi, ba hali. Takardu biyu ne ke riƙe da wannan ƙirga. Ta farko dokar gwamnati, ita ke cewa ga iyakar da ba a tsallakewa. Ta biyu yarjejeniyar da ƙungiyar matuƙan, wato sandikarsu kamar yadda ake cewa a Nijar, take ƙullawa da kamfani: nawa za a biya, kwana nawa za a huta, wa zai zaɓi hanya kafin wa, mutum nawa za a ajiye a gefe. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ɗora wa kowace ƙasa ta yanka wa matuƙanta iyakar aiki da hutu, shi ya sa lambobin ke ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni na Amurka da na Turai zan ɗauko muku, domin can ne aka yi rigingimun da suka fito da abin fili.

Bari mu fara da Amurka, da wani dare da ya canza musu doka. Ran 12 ga Fabrairu 2009, jirgin wani ƙaramin kamfani mai suna Colgan Air ya tashi daga Niwak, kusa da birnin Niyok, zai je Bafalo, tafiyar kamar awa guda. Yana gab da sauka sai gudunsa ya ragu fiye da kima. Na'urar gargaɗi ta girgiza sitiyari, alamar a sunkuyar da hancin jirgi a ƙara wuta. Sai kyaftin ya ja hancin sama. Jirgin ya faɗo a kan wani gida. Mutum 49 da ke ciki da mutum ɗaya a gidan, hamsin ke nan, duk suka rasu. Allah Ya kiyashe mu.

Masu bincike sun ɗora laifin a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin. Amma abin da ya girgiza jama'a shi ne labarin yadda matuƙan biyu suka wuni suka kwana kafin tashin. Mataimakiyar kyaftin 'yar shekara 24 ce, tana zaune a yankin Siyatil, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Ta kwana tana bin jiragen ɗaukar kaya, ta sauka a Memfis ta sake hawa wani, ta iso wurin aiki da safe. Albashinta wajen Dala 16,000 ne a shekara. Kar kuɗin ya ruɗe ku in kun juya shi zuwa naira ko sefa. A can, wannan ba zai kama wa mutum ɗaki mai kyau kusa da Niyok ya bar masa na abinci ba. Shi kuma kyaftin gidansa na Fulorida, alamu kuma sun nuna a ɗakin hutun ma'aikata na filin jirgi ya kwana. Masu binciken suka ce da alama gajiya ta taɓa aikinsu su biyun, ko da yake ba a iya auna iyakar taɓawar ba.

Iyalan mamatan ba su zauna ba. Suka yi ta zarya majalisar dokoki har Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka a 2010. Abu biyu suka fito daga ciki. Na ɗaya, wanda zai zauna a kujerar mataimaki a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500 na tuƙi, alhali da can awa 250 sun isa. Na biyu, sabuwar ƙa'idar hutu, wadda ta fara aiki a Janairun 2014. Wannan ta biyun ita ce amsar Baba, don haka ku ɗan saurara.

Kafin matuƙi ya kama aiki, dole a ba shi hutun awa 10, kuma a cikinsu ya samu damar barcin awa 8 a jere ba wanda ya tashe shi. A tsohuwar ƙa'ida ana iya rage hutun zuwa awa 8, kuma a cikin takwas ɗin nan zai fita daga filin jirgi, ya jira mota, ya je masauki, ya ci abinci, ya yi wanka, ya dawo. Ku lissafa abin da ya rage na barci. Idan matuƙa biyu ne kawai a jirgi, tuƙin yini ba ya wuce awa 8 ko 9. Yinin aikin gaba ɗaya, tun daga lokacin da ya zo ya sa hannu har ya tsayar da jirgin ƙarshe, yana kamawa daga awa 9 zuwa 14. Me ke sa ya zama tara ko sha huɗu? Lokacin da ya fara, da yawan sauka da tashin da zai yi. Wanda ya fara da hantsi zai yi sauka ɗaya ko biyu, nasa ya fi tsawo. Wanda ya fara da tsakar dare, nasa gajere ne, domin tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba jikin ɗan Adam barci yake nema ko da ya yi na rana. Duk wanda ya taɓa kwana gadin garke ya san wannan lokacin, ido biyu amma hankali ya tafi. Barci ɓarawo ne. Sannan a kowane mako sai an ba shi awa 30 a jere ba aiki. A kwana 28 tuƙinsa ba ya wuce awa 100, a shekara ba ya wuce 1,000. Turai kuwa awa 900 ta yanka daga Janairu zuwa Disamba. Tafiya mai nisa sosai ana ƙara matuƙi na uku ko na huɗu, a riƙa barci bi da bi a wani ɗan ɗaki cikin jirgin.

To ga inda dabarar take. Agogon nan ba daga tashin jirgi yake fara tafiya ba, daga zuwan matuƙi wurin aiki ne. A ce matuƙan Baba sun zo da azahar, yininsu awa 12 ne, tafiyar kuma ta awa 5 ce. Gyara ya ci awa 8. Takwas da biyar sha uku. Sun wuce ke nan tun ba su kunna inji ba. Akwai ɗan ƙari da doka ke yarda kyaftin ya yi in abu ya taso ba zato, amma shi ma da iyakarsa, kuma kyaftin na da ikon ya ce a'a in ya ga idanun mutanensa sun yi nauyi. Direban Kwatano in barci ya kama shi, sai ya gangara gefen hanya ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota. Sama ba ta da gefen hanya.

Daga nan maganar yawan ma'aikata ta taso, kuma lissafi ne irin na kasuwa. A ce jirgi ɗaya na yin awa 10 a sama kullum, misali nake bayarwa. A shekara awa 3,650 ke nan. Kujeru biyu ne a gaba, to aikin mutum ya zama awa 7,300. Ku raba da 900 na Turai, za ku samu takwas da ɗoriya, a ce tara tunda ba a rabin mutum. Ba mu sa hutun shekara ba, ba mu sa rashin lafiya ba, ba mu sa kwanakin da ake mayar da su makaranta ana gwada su a na'urar kwaikwayon jirgi ba, ba mu sa masu jiran ko-ta-kwana ba. Shi ya sa jirgi ɗaya kan ci matuƙa goma ko fiye. Kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Mataimaka biyu ba sa tayar da jirgi, sai da kyaftin. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai wayi gari ya hau Airbus A320 ba, sai ya yi makonni yana horo an gwada shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamfanin da ya gwada fafe gorar ranar tafiya shi ne Ryanair na ƙasar Ayilan, sarkin tikiti mai araha a Turai. A 2017 yana da jirage wajen 400 da matuƙa wajen 4,200, kun ga goma-goma ɗin nan da na faɗa. Shekara da shekaru kamfanin na lissafin shekarar matuƙansa daga Afrilu zuwa Maris. Sai hukumar jiragen sama ta Ayilan ta ce a bi ƙa'idar Turai, a koma Janairu zuwa Disamba. Wannan ya sa dole a cusa hutun matuƙan cikin wata tara na 2017. Lokacin zafi a can shi ne kakar fasinja, ba a son ba da hutu, aka yi ta ɗagawa. Da Satumba ta zo, sai ga ɗimbin mutane duk hutu na bin kamfani bashi a lokaci guda, waɗanda ke bakin aiki kuma wasu awoyinsu sun kusa cika. Ga shi wani kamfani, Norwegian, ya ce a shekarar kaɗai ya ɗauke matuƙa 140 daga Ryanair.

A tsakiyar Satumba kamfanin ya fito ya ce zai riƙa soke tashi 40 zuwa 50 kullum har mako shida, sama da tashi 2,000 ke nan, fasinja fiye da 300,000. Ba a rufe mako biyu ba ya sake cewa zai soke wasu 18,000 tsakanin Nuwamba da Maris, ya ajiye jirage 25 a ƙasa, abin ya shafi wasu mutum wajen 400,000. Jirage lafiya lau, mai ga shi nan, fasinja sun biya. Mutanen da za su zauna a kujerun gaba ne ba su kai ba. Shugaban kamfanin, Maikal O'Leary, ya amsa cewa su suka jawo wa kansu.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni sha'awa. Kamfanin ya yi wa kyaftin-kyaftin tayin Yuro 12,000, mataimaka Yuro 6,000, su sayar masa da wasu kwanakin hutunsu. Da yawa suka ƙi. Suka ce ba kyauta suke so ba, yarjejeniya suke so a rubuce, da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu. A lokacin da yawansu ma ba ma'aikatan kamfanin ba ne kai tsaye, ta hannun 'yan kwangila aka ɗauke su. O'Leary ya sha cika baki cewa ba zai taɓa zama da ƙungiyar ƙwadago ba. Amma ran 15 ga Disamba 2017, da ya ga yajin aiki na tunkarar bikin Kirsimeti, kamfanin ya ce ya amince da ƙungiyoyin matuƙa, karon farko cikin shekara 32 da kafuwarsa. Ko bayan haka ba a zauna lafiya nan take ba. Ran 10 ga Agusta 2018 matuƙansa a ƙasashe biyar suka tsayar da aiki rana guda, aka soke tashi wajen 400. A Ayilan kuwa, babban abin da matuƙan suka yi ta yaji a kai a shekarar ba albashi ba ne. Layi ne.

Wannan layin sai na ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan yarjejeniyar matuƙa, musamman a Amurka. Kun san yadda mota ke lodi a tasha: wanda ya riga shiga layi shi ke fara ɗauka, ko motarsa ta fi ta kowa tsufa. To ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake ba shi lamba, wannan lambar ita za ta bi shi har ritaya. Duk wata kamfani kan fito da jadawalin tafiye-tafiye, matuƙa su zaɓa, mai tsohuwar lamba ya fara. Shi zai ɗauki tafiyar rana ya bar ta dare, shi zai samu hutu ranar biki, shi zai zaɓi garin da zai zauna, shi zai fara hawa babban jirgi mai albashi mai tsoka, shi zai fara zama kyaftin in ya ci jarrabawa. In kasuwa ta faɗi za a rage mutane, daga wutsiyar layi ake farawa.

Za ku ce ina adalci, in yaro ya fi babba iya tuƙi? Ni ma na yi wannan tunanin. Amma ku duba ɗaya gefen. In da manaja ne ke raba ƙarin girma da hutu yadda ya so, wane matuƙi ne zai iya kallonsa ya ce, "Yau na gaji, ba zan tashi ba," ko "Wannan jirgin ban yarda da lafiyarsa ba"? Layi ne ke ba shi bakin faɗin haka, tunda ya san ba mai mayar da shi baya don ya ƙi. Wannan kariyar har kan fasinja take sauka.

Sai dai layin na da nasa ɗacin: ba a ɗaukarsa a tafi da shi wani kamfani. Kyaftin mai shekara ashirin in kamfaninsa ya rushe, a sabon wuri daga wutsiya zai fara. In kamfanoni biyu suka haɗe kuwa, haɗa layukan biyu ya fi rabon gado rikici. Da US Airways da America West suka haɗe a 2005, matuƙansu sun kwashe wajen shekara goma suna shari'a a kan wa ke gaban wa. Mu ma nan mun ga abin da rushewar kamfani ke yi wa ma'aikata. Air Afrique, wanda Nijar da Chadi ke cikin ƙasashen da suka mallake shi, ya durƙushe a 2002. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, kuma har a 2018 ana kan biyan tsofaffin ma'aikatansa haƙƙinsu.

Waɗanda ke wutsiyar layi su ne 'yan ko-ta-kwana. Ba su da jadawali. Suna zaune da waya a hannu da jaka a ɗaure, in an kira wani cikin awa biyu ko uku ya kasance a filin jirgi, wani a ba shi rabin yini. Su ne tayar safiya, wato tayar da ake ɗaurewa a bayan mota. Kamfani na ganinsu a matsayin albashin da ake biya mutum yana zaune, don haka kullum yana son ya rage su. Ƙungiya kuma na son a ƙara su, domin in sun yi kaɗan, wanda ke hutu a gida shi za a riƙa kira, wanda ya gama aikinsa a ƙara masa wata tafiya. Yawancin shafukan yarjejeniyar a kan irin wannan suke: kwana nawa ne ba a taɓa mutum a wata, sau nawa za a iya sauya masa jadawali, nawa za a ninka masa in an taɓa ranar hutunsa. A tsarin Amurka ma, awoyin da ake biya su ne daga lokacin da jirgi ya bar ƙofa har ya tsaya a wata ƙofar. Zaman jira irin wanda Baba ya yi, matuƙi ba ya cin ribarsa, shi ya sa ƙungiyoyi ke sa sharaɗin mafi ƙarancin abin da za a biya a yini da a wata, don kar kamfani ya riƙa shanya mutane a filin jirgi kyauta.

Wannan taƙaddamar ta kai ƙarshenta bayan korona. A 2020 da jirage suka tsaya, kamfanonin Amurka suka lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya tun lokacinsu bai yi ba, don a rage kashe kuɗi. Fasinja suka dawo da sauri fiye da yadda aka zata. Ga shi doka ta ce matuƙin jirgin fasinja na ajiye aiki a shekara 65, ga sharaɗin awa 1,500 ya sa sabo ba ya nuna da wuri. Kaya suka yi ƙaranci, mai kaya ya samu bakin ciniki. A Maris 2023 matuƙan Delta, su wajen 15,000, suka amince da ƙarin kashi 34 cikin 100 a shekara huɗu, har da sharaɗin cewa in American ko United suka biya fiye, a ɗaga nasu ya zarce. American ta biyo a Agusta, United a Satumba da ƙarin da ya kai kashi 40, Southwest a Janairun 2024 da wajen kashi 50 a shekara biyar.

Kuɗin su jaridu suka fi bugawa. Amma ga abin da ya faru a United kafin a daidaita: kamfanin ya yi ta tallan kujerun kyaftin, mataimaka suna ƙin nema. Ƙarin girma ne, ƙarin albashi ne mai yawa, amma mutum ya ce ya yafe. Dalili, mataimakin da ya daɗe shi ke gaba a layin mataimaka, yana zaɓar ranakunsa. Ranar da ya zama kyaftin ya koma wutsiyar layin kyaftin-kyaftin, ya zama ɗan ko-ta-kwana, ba ya iya ce wa iyalinsa ga ranar da zai kwana a gida. Sai da aka gyara wa 'yan ko-ta-kwana sharuɗɗansu a sabuwar yarjejeniya. Duk wanda ya yi wata uku a mashekari ko a hanyar fatauci bai ga 'ya'yansa ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kar ku ɗauka ina wanke ƙungiyoyin nan tas. 'Yan ciniki ne kamar kowa. Sharaɗin awa 1,500 da suke karewa da sunan hatsarin Bafalo, matuƙan jirgin nan su biyu kowannensu ya riga ya wuce 1,500 ranar da abin ya faru, kuma a Turai ana zaunar da mataimaki mai awa wajen 200 bayan horo na musamman. Da aka kawo shawarar a ɗaga shekarun ritaya zuwa 67, babbar ƙungiyar matuƙan Amurka, ALPA, ta ƙi, majalisa kuma ta bar shi a 65 a 2024. Suna da hujjojinsu na tsaro, amma ba sai an faɗa ba, ƙarancin matuƙa na yi wa albashin matuƙa daɗi, kuma albashin nan daga kuɗin tikiti yake fitowa. A ganina, maganar albashi tsakaninsu ce da kamfani, su ja su daidaita. Maganar barci kuwa da mu a ciki, mu da ke zaune a baya. Wani abin da ya tsaya mini a rai, ku masu jiran kaya: ƙa'idar hutun 2014 ba ta hau kan jiragen da kaya zalla suke ɗauka ba, an bar su a tsohuwar, saboda an ce kuɗin ya yi yawa. Alhali su suka fi kowa tafiyar dare.

Yajin aiki kuwa, a Amurka da wuya ake kaiwa gare shi. Wata doka ta 1926 da aka yi wa jirgin ƙasa, aka shigar da jiragen sama a 1936, ta ce sai an bi ta hannun masu sulhu na gwamnati, sai sun sallami ɓangarorin, sannan a jira kwana 30. A Fabrairun 1997 matuƙan American suka fara yaji, Shugaba Kilinton ya tsayar da shi cikin 'yan mintoci. A nahiyarmu, masu bi ta Nairobi zuwa Sin sayen kaya za su tuna Nuwamban 2022, da matuƙan Kenya Airways suka ajiye aiki ran 5 ga wata saboda kuɗin ajiyarsu na ritaya da albashin da aka riƙe musu tun lokacin korona. Kwana huɗu aka yi, kotu ta ce su koma.

Saura abu ɗaya da Baba ya tambaya kafin layin ya yanke: me ya hana a kawo wasu matuƙan? 'Yan ko-ta-kwana a gidan kamfani suke zama, wato garin da jiragensa ke kwana. In lokacin matuƙa ya ƙare a can, ana iya kiran wasu cikin 'yan awoyi. In kuwa a baƙon filin jirgi ne, mai nisa da gida, ba kowa a ajiye. Ko dai a aiko da wasu a jirgi na gaba, ko waɗannan su je su yi barcinsu cikakke su dawo.

Don haka in irin wannan ta same ku, ku je wurin ma'aikacin kamfanin ku yi masa tambaya ɗaya: wasu matuƙan za a kawo, ko waɗannan za su je su huta? In ya ce hutawa za su yi, ku sa a ranku abin ba zai gaza awa goma ba, ku nemi a ba ku masauki da abinci, ku bugo wa masu jiranku a gida kar su kwana a hanya. Wajen sayen tikiti kuma, in da zaɓi, tashin safe ya fi, domin matuƙan ba su taɓa awoyinsu ba, jinkirin yini kuma bai riga ya taru ba. In za ku sauya jirgi a wani gari, kar ku yarda da tazarar da ta matse don ta fi araha, musamman in akwai kaya masu nauyi a ƙasan jirgi.

Laraba mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu dawo ƙasa: takardun rigakafin dabbobi da ake nema a kan iyaka, da abin da ya kamata ku riƙe a hannu kafin ku taso da garke. Masu tambaya su turo tun kafin ranar. A gaida mutanen gida.